Na yi karatu a kan kujerar shugaban ƙasa, yanzu ana so in zama sojan baka, Baba kuma ya ce bai yafe ba

Saƙon wannan makon daga wani ɗalibi ya fito, na ɗan taƙaita shi kuma na cire sunansa kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji huɗu a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Jihar Gombe, shekarata 23, gidanmu a Jekadafari yake. Furojet ɗina a kan ikon shugaban ƙasa na rubuta shi, tun daga tsarin mulkin 1979 har zuwa yau. Wallahi Baba tunda na shiga binciken nan na rasa natsuwa, na ga ashe mutum ɗaya da magana ɗaya zai iya birkita rayuwar ƙasa gaba ɗaya, kamar ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo kuɗin acaɓata zuwa makaranta ya fi ƙarfina. Wani lokaci in ji dole in shiga siyasa, wani lokaci in ji ɓata lokaci ne tunda ba ni da kuɗi ba ni da uban gida. To yanzu wani abokina ya haɗa ni da yaran wani mai neman takara, za su ba ni sabuwar waya da dubu 30 duk wata da data, aikina in riƙe akawun uku a Facebook da X da sunaye daban-daban ina kare oga ina mayar wa 'yan adawa martani. Da na gaya wa mahaifina sai ya ce in na shiga siyasa bai yafe ba. Ƙaninsa a zamanin Kalare, 'yan bangar siyasar nan na Gombe, aka sare shi, har yau hannun ba ya aiki. Ina son mahaifina, ina buƙatar kuɗin, kuma ba na so karatuna ya ƙare a cikin kabad. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya.

Bari in fara da wayar nan da dubu talatin ɗin, don ita ce ke da gaggawa. Kar ka karɓa. Na san kana buƙata, na san yadda aljihun ɗalibi yake a ƙarshen zango, ga kuɗin buga furojet ga ɗaure shi ga na mota ga abin da za a ci, ba wai ban san zafin abin ba ne. Amma ka sake karanta abin da kai da kanka ka rubuto min, akawun uku, sunaye daban-daban. Mutumin da zai sa ka ɓoye sunanka kafin ka yi magana ai ya riga ya san maganar da zai sa ka yi ba ta kirki ba ce. Yau za a ce ka yaba aikin oga, wannan ba komai, gobe za a turo maka hoton wani dattijo da ya haifi kamarka a ce ka wanke shi tas, jibi a turo labarin da kai ma ka san ƙarya ne a ce ka watsa kafin azahar, kuma ba ka da bakin cewa a'a don wayar da ke hannunka tasu ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan ka sani dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024 amma har gobe ana kama matasa da ita a kan rubutu, kuma ranar da aka zo kamu lambar wayarka da aka yi wa rajista da NIN ɗinka za a bi, ba ta oga ba. Ogan da abokin hamayyarsa kuwa kana iya ganinsu sun haɗu a ɗaurin aure suna tafawa, ko ma su koma jam'iyya ɗaya kafin zaɓe, a bar ka da gabar mutanen da za ka riƙa haɗuwa da su a masallacin Juma'a har ka tsufa.

Na koyar a makarantar sakandare shekaru masu yawa a garin nan. Akwai yaron da na koyar, mai kai ne sosai a lissafi, da manna fosta ya fara, ana ba shi 'yan canji da yamma. Daga fosta aka koma rakiyar ayari, daga rakiyar ayari aka ba shi gora, daga baya abin ya wuce gora. Ba zan faɗa maka ƙarshensa ba don iyayensa na raye, amma har yau in na wuce ƙofar gidansu zuciyata sai ta yi nauyi. Shi ma ba wanda ya zo ya ce masa zo ka zama ɗan Kalare, cewa aka yi zo ka taya mu ɗan aiki. Za ka ce ai ni rubutu ne kawai Baba, ba makami. Haka ne, amma yadda ake ɗaukar yaron iri ɗaya ne, a kama shi ta wajen yunwarsa, a sa shi ya yi abin da 'ya'yan oga ba za su taɓa yi ba.

To yanzu maganar da ta fi damuna a saƙonka, wato wannan da ka ce wani lokaci ka ji dole ka shiga wani lokaci ka ji ɓata lokaci ne. Ina ganin na san inda wannan ya samo asali. Ka shekara kana kallon kujera guda ɗaya, mafi tsawo a ƙasar, har wuyanka ya ƙage. Duk wanda ya daɗe yana kallon Villa dole ya raina kansa. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC a 2022 naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40, fom kawai fa, ba a zo ga deliget ba ba a zo ga kamfen ba. Kai da kake lissafin kuɗin acaɓa in ka ga wannan sai ka ce to ni mene ne nawa a ciki, daga nan sai shaiɗan ya nuna maka ƙofa biyu kacal, ko ka zama yaron wani ko ka naɗe hannu. Alhali binciken da ka yi da kansa ya nuna maka akwai wasu ƙofofin, sai dai ba su ne kan maganar furojet ɗinka ba shi ya sa ka wuce su.

Ka tuna abin da ka karanta. Gaskiya ne shugaban Najeriya yana da iko mai yawan gaske, tun da muka bar tsarin firaminista muka ɗauko irin na Amurka a 1979, shi ne shugaban gwamnati shi ne kwamandan askarawa, sojoji da 'yan sanda duk suna ƙarƙashin tarayya, shi ke naɗa ministoci shi ke kai kasafin kuɗi majalisa. Amma kuma ka karanta cewa ba a hawa kujerar sai an samu ƙuri'a mafi yawa da kuma kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma ka san rigimar da wannan sharaɗi ya haifar tun zaɓen farko, lokacin jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano ya tsaya wajen kashi 20, Awolowo ya kai ƙara har Kotun Ƙoli aka yi ta lissafin sha biyu da biyu bisa uku. Ƙuri'un jiha guda suka kusa hana mutum shugabanci. Ka karanta yadda a watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta kashe maganar tazarcen Obasanjo duk da yana kan mulki da dukkan ƙarfinsa. Ka karanta yadda a watan Fabrairun 2010 majalisa ta miƙa wa Jonathan riƙon ƙwarya lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ke kwance, da yadda a 2015 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kira abokin takararsa ya taya shi murna. Kujerar tana da ƙarfi amma tana da iyaka, kuma mutane ne suke tsare iyakar, in sun tashi.

Matsalar ita ce ba ma tashi. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, wanda ya ci da ƙuri'a miliyan takwas da dubu ɗari bakwai da wani abu ya ci. Ka dubi wannan lissafin da kyau ɗana. Cikin kowane mutum huɗu masu rajista kusan uku suna gida ko suna majalisar mai shayi suna cewa ai an riga an gama rubuta sakamako. Wannan jin na ɓata lokaci ne da kake ji, shi ne dai ya zaunar da su, kuma ba abin da ɗan siyasa marar kirki yake so kamarsa, don in mutane kaɗan ne za su fito sayensu ba ya tsada, taliya da atamfa da dubu biyu sun isa.

Sannan ga abin da nake so ka fi riƙewa. Kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya kashi 52.68 take ɗauka, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wato kusan rabi yana saukowa ƙasa, kusa da kai. Makarantar firamaren unguwarku da ta yi wa yara kaɗan, asibitin sha-ka-tafi da ba magani, kwalbatin da ya toshe, kwarin da ke cin gidajen mutane duk damina a garin nan, famfon da ke yin sati bai kawo ruwa ba ga madatsar Dadin Kowa a kusa da mu, mafi yawan waɗannan ba a teburin shugaban ƙasa suke ba, suna hannun gwamna da majalisar jiha mai kujeru 24 da ciyamomi 11 da kansiloli. Tun da aka cire tallafin nan da ya dame ka kuɗin da ake rabo duk wata ya ƙaru sosai, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To wa ke tambayar inda kuɗin ke shiga? Ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah, ka san sunan kansilan mazaɓar Jekadafari? Ka taɓa zuwa majalisar jiha ka zauna ka saurari zama ɗaya? Ka taɓa buɗe kasafin kuɗin jihar nan ka nemi layin da ya shafi unguwarku? Ba don in kunyata ka nake tambaya ba, yawancin masu digiri a fannin naku ma amsarsu a'a ce, sun san sunayen ministoci kaf amma ba su san wanda ke wakiltar layinsu ba.

Kuma ka yi sa'a ba sai ka je nesa neman abin koyi ba, ga Bauchi nan da muka fito daga cikinta a 1996. A wajajen 1943 wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka riƙa haɗuwa a wani zaure na tattaunawa a garin Bauchi, cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin shekarunsa kamar naka ne, 23, yana koyarwa a makarantar Midil. Ba su da kuɗi, ba su da jam'iyya, ƙasar ma tana hannun Turawa. Abin da suke yi shi ne su ɗauko maganar mulkin En'e da haraji da ilimi su baje ta su yi tambayoyin da ba a saba yi a gaban manya ba, har abin ya dami hukuma. Daga wannan zauren, a 1950 Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, a shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a 1957 Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista. Malam Aminu ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 a PRP bai samu ba, ya rasu a 1983 bai taɓa zama a kan kujerar da ka yi nazari ba, amma yau in aka ce siyasar talakawa sunan wa ake fara kira? In ka samu hali ka shiga mota ka je Bauchi ka ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa, ka ga 'yan kayan da ya bari, ina ganin zai yi maka amfani fiye da wasu laccocin.

Don haka ga abin da nake ba ka shawara. Ka tara abokanka biyar ko shida masu hankali, ba sai 'yan sashenku kaɗai ba, ku haɗa da mai karanta akanta da mai karanta injiniya in akwai, da matashin unguwa da bai yi boko mai zurfi ba amma kowa na jin maganarsa. Ku zaɓi abu ɗaya tak a unguwa, ɗaya fa, kar ku ce za ku gyara Najeriya. A ce aji biyu da aka ce an gina a firamare, ko rijiyar burtsatse da aka sa a ayyukan mazaɓu na ɗan majalisar tarayya. Ku nemo takardar kasafin ku ga nawa aka ware, ku je wurin da ƙafarku ku ɗauki hoto, ku fara gaida mai unguwa da liman ku gaya musu abin da kuke yi don kar a ce yara sun yi gaban kansu, sannan ku rubuta takarda cikin ladabi ku kai ofishin da abin ya shafa ku karɓi kwafi mai hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce hukuma ta ba da amsa cikin kwana bakwai, ba kullum suke bi ba amma takardar da ke da kwanan wata da hatimi tana da nauyin da zagi dubu a Facebook ba shi da shi. Akwai ma Tracka na ƙungiyar BudgIT da aikinsu ke nan, bin diddigin ayyukan mazaɓu, ka duba yadda suke yi ka koya. Mu a layinmu mun taɓa bin maganar kwalbati ɗaya sama da shekara, an yi ta ce mana ku dawo gobe oga ya fita, mun ji haushi har wasu suka janye, amma daga ƙarshe an zo an yi, kuma daminar da ta biyo baya ruwa bai shiga ɗakin kowa ba.

A irin wannan aikin kana iya amfani da Facebook ɗinka da sunanka na gaskiya da hotonka, ka rubuta abin da ka gani da idonka ba zagi ba ƙari. A hankali mutane za su san ka da cewa yaron nan in ya faɗi magana haka take. Ranar da ka ga ka shirya shiga jam'iyya, don ni ban ce jam'iyya haramun ba ce, sai ka je ofishin mazaɓa ka yanki kati da rana tsaka, ka riƙa zuwa taro, ka ga yadda ake zaɓen shugabannin mazaɓa da deliget, don a nan ake dafa abin da ake kawo mana ranar zaɓe a ce mu zaɓa. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Shekara biyu suka rage maka ka kai 25. Ba na ce ka tsaya takara nan da shekara biyu ba, cewa nake yi ƙofar ba ta da nisan da kake zato, kuma in ka iso ta da tarihin akawun uku na bogi abokan hamayyarka za su tono shi, ba abin da ke ɓuya a intanet. Ga kuma bautar ƙasa a gabanka, INEC da masu yi wa ƙasa hidima take aikin rumfunan zaɓe kuma tana son wanda ba a san shi da ɓangare ba, haka ma ƙungiyoyin sa ido.

Batun kuɗi kuwa, dubu talatin kana iya samunta ta hanyar da ba za ta ci maka suna ba. Mai rubuta furojet a kan tsarin mulki zai iya koyar da gwamnati da tarihi ga masu shirin WAEC da JAMB, makarantun kuɗi da na lesin sun cika garin nan, ko ka taya ƙananan ɗalibai buga aiki a kwamfuta. Ba zai zo da sabuwar waya ba, na sani.

Saura Babanka, kuma shi ne babba. Kar ka kuskura ka ɗauki kalmar ban yafe ba da wasa, kuma kar ka yi abin a ɓoye ka ce ai ba zai sani ba. Amma ka fahimci abin da yake nufi in ya ce siyasa. Kai in an ce siyasa tsarin mulki kake gani da sashe kaza, shi kuwa hannun ƙaninsa yake gani, da daren da aka kwana a asibiti, wataƙila da tarzomar bayan zaɓen 2011 da ta ci rayuka a Arewa har da masu bautar ƙasa a jihar Bauchi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a kan tayin da ka kai masa wallahi shi ke da gaskiya, ya hango abin da ba ka hango ba. Don haka abu na farko ka je ka durƙusa ka ce Baba na bar maganar wayar nan, na bi umarninka. Ka tsaya a nan, kar ka ɗora da amma. Ka bar zuciyarsa ta huce sati biyu ko uku.

Bayan nan ka je wajen baffan naka mai hannun, shi kaɗai, ka zauna ka ce ya ba ka labarin yadda abin ya faru tun daga farko, wa ya kira su, me aka yi musu alkawari, wa ya zo duba shi wa bai zo ba. Ka saurara da kyau don wannan babi ne da babu shi a furojet ɗinka. Sai ka gaya masa abin da kake son yi game da firamaren ko rijiyar, ka nuna masa takardar, ka roƙe shi ya raka ka wajen Baba ko ku haɗa da limamin unguwa. Ina kyautata zaton in Baba ya ji daga bakin ƙaninsa cewa ba ayari za ka bi ba, ba wani oga a bayanka, takarda ce za ka kai ofis da sanin mai unguwa, zai sassauta, ko da da sharaɗi ne. In ya gindaya sharaɗi ka karɓa. In kuma ya ce a'a har yanzu, ka yi haƙuri ka ci gaba da karatu da koyarwa da yankar katin zaɓenka, ka sake komawa bayan bautar ƙasa, zai ga yadda ka riƙe kanka a tsakani.

Abokin naka da ya haɗa ka da su kar ka yi masa wulaƙanci, shi ma yunwar ce, ka ce masa mahaifinka ya hana, wannan amsa ce da ba wanda zai ja da ita a garin nan. Ka rubuto min bayan ka zauna da baffanka in ji yadda kuka yi, ka haɗo min da sunan kansilanku da aikin da kuka zaɓa. Ka gaida Baba da kyau, Allah ya ba baffa lafiya.